Motar Haya Daga Filin Jirgin Accra: Ina Arahar Take?

Duk lokacin da Disamba ta doso, ko Sallah ta matso, ko alhazai suka kusa dawowa, akwai tambayar da ke yawo a wayoyin mutanen unguwannin Nima da Maamobi na Accra: wane zai sauka ranar kaza, a ina za a samo masa mota mai sauƙin kuɗi? Mai tambayar yana iya zama ɗan zango da ya daɗe a Bronx ko Hambog, zai zo aurar da ƙanwarsa. Yana iya zama ɗan kasuwa daga Kano ko Yamai da zai yi mako guda yana kai da kawowa tsakanin Tudu da tashar jiragen ruwa ta Tema. Tana iya zama hajiya da ta zo addu'ar arba'in ta mahaifinta, ga gidajen dangi barjat da dole ta taka kafin ta koma. Dukansu suna son su fito daga filin jirgi su tarar da mota tana jiransu, kuma kada kuɗin motar ya cinye guzurin da suka zo da shi.

Abin da na gani a wannan harka shi ne yawancin mutane da tambayar "nawa ne a rana?" suke farawa, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. Tambayar farko ita ce: a cikin kwanakin da zan yi, ranaku nawa ne nake bukatar mota tawa ni kaɗai? Wanda ya amsa wannan da gaskiya ya riga ya rage rabin abin da zai kashe, tun kafin ya yi ciniki da kowa.

A fara da inda filin yake. Filin jirgin saman Accra, wanda aka daɗe ana kira Kotoka, a cikin gari yake. Ba irin filayen da ake tafiyar awa guda kafin a ga gidaje ba ne. Daga sabon ginin da jiragen ƙasashen waje ke sauke fasinja, wato tasha ta uku da aka buɗe a watan Satumban 2018, in ka bi ta asibitin sojoji na 37 ka gangara Kawukudi, ga ka a bakin Maamobi, tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba. In hanya a buɗe take, kafin ka gama gaisawa da direba kun iso. To ga abin lura: yawancin jiragen da ke tasowa daga Turai da daddare suke sauka. Wanda ya karɓi motar haya a filin jirgi da ƙarfe tara na dare, lissafin kwanansa ya fara daga wannan lokacin. Ya yi 'yar gajeriyar tafiya zuwa gida, motar ta kwana, shi ma ya kwana, gobe da safe gajiya da masu zuwa barka da sauka ba za su bar shi ya fita ba. Kuɗin kwana guda ya tafi a tafiyar da tasi zai yi masa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kuma a ina motar za ta kwana? Wanda ya san Nima ya san cewa gidaje da yawa mota ba ta isa ƙofarsu. Daga babban titi sai lungu, daga lungu sai wani lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Dole a ajiye motar a bakin titi, ko a gidan mai, ko a harabar wata makaranta, a sallami mai gadi. In aka wayi gari babu madubi ko an karce ƙofa, wanda ya sa hannu a takarda shi zai biya.

Me ya sa hayar mota take da tsada a Accra tun asali? Mutanenmu da ke zuwa daga Amurka kan yi mamaki su ga ƙaramar mota a nan ta kai ko ta fi abin da suke biya can, a ƙasar da albashi bai kai nasu ba. Sai su ɗauka an gan su baƙi ne ake son a yanke su. Akwai masu yin hakan, amma tushen tsadar ya wuce nan. Ko da yake kamfanoni irin su Volkswagen da Toyota da Nissan sun fara harhaɗa motoci a Ghana daga shekarar 2020 zuwa 2022, mafi yawan motocin da ke kan titi na hannu ne da aka shigo da su ta Tema, da dala aka saye su, kuma a kan darajarsu ta dala ake lissafa kuɗin kwastan. Kayan gyara a Abossey Okai dala suke bi: ta tashi su tashi. Wanda ya ci bashin banki ya sayi motar kuwa, ruwan da ke kansa ba na wasa ba ne, domin a tsakiyar 2023 Babban Bankin Ghana ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 30 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma a lokacin sama da haka suke ba da rance. Ga ramukan hanya da ke cin taya da ƙafar mota. Ga fargabar da ke zuciyar kowane mai mota, cewa wani zai karɓa da sunan haya ya je ya jinginar ko ya sayar. Duk waɗannan suna cikin farashin da ake faɗa maka.

A kan wannan kuma, wanda ke da teburi a cikin filin jirgi yana biyan hayar wuri ga kamfanin da ke kula da filayen jiragen saman Ghana, yana biyan ma'aikatan da za su zauna har jirgin ƙarshe ya sauka. Haka abin yake a duk duniya: motar filin jirgi ta fi ta cikin gari tsada, saboda mai saukowa a gajiye yake, da kaya niƙi-niƙi, ba shi da zaɓi mai yawa.

Sai maganar kuɗin da ake ciniki da shi, wadda nake ganin ta fi kowace rikita baƙo. Dokar musayar kuɗi ta 2006 da sanarwar da Babban Banki ke maimaitawa sun hana sanya farashi da dala a cikin ƙasa ba tare da izini ba. Duk da haka, masu ba da hayar mota da yawa da dala suke lissafi a zuciyarsu, ko su faɗa maka da baki, sannan a juya zuwa sidi, kuɗin Ghana, a ranar biya. A wane farashi za a juya? Nan ake cin mutum. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta haura 13. A watan Nuwamban 2024 ta kai wajen 16, zuwa tsakiyar 2025 kuma ta sauko kusa da 10. Kuɗin da ke irin wannan hawa da sauka, in ba a rubuta adadinsa da sidi ba tun ranar da aka yi magana, to ba a yi ciniki ba tukuna. Wanda ya zo da dala ya saba jin cewa kuɗinsa na da ƙarfi, sai ya yi sakaci da lissafi, bai lura cewa a lokacin da sidi ya farfaɗo dalarsa ta rage auki ba.

Akwai kuma wani ruɗani na cikin gida. Tun watan Yulin 2007 aka sauya kuɗin Ghana, aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Har yau dattawa da 'yan kasuwa da yawa a zango da tsohon lissafi suke magana. In kawu ya ce maka a waya an samo mota miliyan goma, sidi 1,000 yake nufi. Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi da bai san wannan ba zai iya firgita, ko kuma ya amince da abin da bai fahimta ba. A rubuta adadin da lambobi a aiko, shi ne maganin gardama.

Farashin da aka rubuta a talla ma sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Kamfanin da ke da rajista zai ɗora harajin VAT da 'yan ƙananan harajin da ke tafiya da shi, na inshorar lafiya da na asusun ilimi, waɗanda in aka haɗa sukan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. Mai ba ya cikin lissafi. Tun 2015 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin mai, sau biyu a wata ake sake shi. Don haka tambayar da ta dace ita ce: in na dawo da motar, jimillar abin da zai fita daga aljihuna nawa ne, da haraji da komai?

Kasuwar kanta hawa-hawa ce. A sama akwai manyan kamfanoni, ciki har da masu ɗauke da sunan kamfanonin duniya irin su Avis, masu sababbin motoci, da takardu tsaf, da wata motar da za su aiko in wannan ta lalace. Ma'aikatan ofisoshin jakadanci da kamfanonin haƙar ma'adinai su ne abokan cinikinsu, kuma farashinsu na irin waɗannan mutane ne. Sukan nemi katin bashi na banki su riƙe kuɗin ajiya a kansa, sukan nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da yawansu kuma ba sa ba wanda bai kai shekara 25 ba. A tsakiya akwai ƙananan kamfanonin cikin gari, a Osu, East Legon, Dzorwulu, Spintex da sauransu, masu motoci biyar ko goma ko ashirin. Doka ta ɗora wa Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana ba irin waɗannan lasisi, kuma ba laifi ba ne ka ce a nuna maka shi. A ganina nan ne mai neman sauƙi ya fi dacewa ya duba. Da yawansu za su kawo maka motar har inda kake, ko su aiko direba ya tarbe ka a filin jirgi, ba tare da ka biya tsadar teburin filin ba. Suna kuma karɓar ciniki, musamman in kwanakin sun kai mako.

A ƙasa kuma akwai wadda mutanenmu suka fi sani: motar unguwa. Wani yaro a majalisa yana da Corolla da yake aikin tasin manhaja na Bolt da ita. Wani alhaji yana da mota ta biyu da ke ajiye. Wani makanike ya san wani da ya shigo da mota bai sayar ba tukuna. Ana kira, ana magana, an gama. Babu takarda, babu haraji, babu kuɗin ajiya, sai "ai ɗan gidan wane ne". Ita ce mafi araha a baki, kuma ba na raina ta, domin amanar da ke tsakanin mutanen zango dukiya ce da kamfani ba ya da ita. Amma a nan ne zan daɗe, saboda a nan ne zumunci ke lalacewa.

Matsalar ita ce inshora. Dokar Ghana tun 1958 ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna a hanya. Wannan ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita ce mafi yawan masu motoci ke saya don su wuce shingen 'yan sanda. Ba ta biyan gyaran motar da kake ciki. In ka bugi wani, ita za ta ji da shi gwargwadon abin da aka ƙayyade. Motar alhaji kuwa, wuyanka. Bayan haka, inshora aji-aji ce: ta motar gida daban, ta tasi daban, ta motar haya daban, kowace da kuɗinta. Motar da aka yi wa inshorar amfanin gida, aka kuma ba da ita haya don kuɗi, kamfanin inshora na da hujjar da zai ƙi biya in wani abu ya faru. Ranar da aka yi hatsari sai a ga an koma zauren mai unguwa ko gaban liman: mai mota ya ce amana ya bayar, baƙo ya ce ai ya biya, dangi su rabu biyu. Kuɗin da aka yi murnar ragewa sai a biya ninkinsa, a ɗora da gaba tsakanin gidaje biyu da suka yi shekara hamsin suna cin tuwo tare.

Abin da ya sa nake ganin babu uzuri shi ne duba inshora ya zama abu mai sauƙi. Tun 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa ta kafa rumbun bayanan inshorar motoci, kuma da ƙaramar waya ana iya danna *920*57# a sa lambar mota a ga ko inshorarta na da rai. Minti ɗaya ne. Ka kuma duba takardar lafiyar mota ta hukumar DVLA da ke manne a gilas. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe a gaban mai ita, da ma'aunin mai, da safaya, da jak, da abin kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da 'yan sandan hanya ke tambaya. Sannan ku rubuta abin da kuka yi, ko da a saƙon WhatsApp ne: kwana nawa, nawa ne, ina da ina za a je, wa zai biya in taya ta fashe, wa zai biya in inji ya buga. Wasu na jin kunyar yin haka da ɗan'uwa, suna ganin kamar rashin yarda ne. Addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi, kuma ba don ana zargin kowa ba.

Da direba ko kai za ka tuƙa? A Turai da Amurka hayar mota na nufin a miƙa maka makulli. A Ghana akasari da direba ake bayarwa, kuma sau da yawa bambancin kuɗin ba shi da yawa, domin mai motar ya fi samun kwanciyar hankali in nasa ne ke riƙe da sitiyari, sai ya sassauta kuɗin ajiya ko ya yafe shi. Shawarata ga duk wanda ya daɗe ba ya gida, ko bai taɓa tuƙi a Accra ba, ya ɗauki direba. Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama tun ranar 4 ga Agustan 1974, don haka wanda ya zo daga Ingila hannunsa a juye yake. Wanda ya zo daga Amurka ko Jamus hannunsa daidai ne, amma bai saba da trotro, ƙananan bas na haya, da ke tsayawa inda fasinja ya ɗaga yatsa ba, ko okada da ke ɓullowa ta hagu da dama, ko masu talla da ke ratsa tsakanin motoci. Gadar Circle da aka buɗe a 2016 ta sauya hanyoyin wurin gaba ɗaya. Wanda ya bar gida kafin nan, in ya kuskure hannu ɗaya sai ya tsinci kansa a hanyar Kaneshie alhali Nima ya nufa. Direba ɗan gari ya san lokacin da hanyar Madina ke cushewa, ya san ta inda zai zaga in titin Nima ya toshe ranar Laraba saboda kasuwa, ya san yadda ake magana da ɗan sanda a shingen dare. In ɗan zango ne, ya san masallacin da za ku tsaya in azahar ta riske ku a Kasoa.

Ya kuma san ruwa. Daga Mayu zuwa Yuli, in aka yi ruwa mai ƙarfi, kogin Odaw kan cika ya malala, Circle da Alajo da Kaneshie su zama wuraren da mai hankali ba ya shiga da mota. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka sama da 150. Baƙo kan ga ruwa a titi ya ɗauka zai wuce, inji ya sha ruwa, kuma wannan na cikin ɓarnar da ya kamata ka tambaya tun farko ko inshorar motar ta ɗauke ta.

Sai dai direba mutum ne, kuma ina so a ji wannan da kyau. Ranar haya da direba ranar aiki ce, daga safe zuwa yamma. Abin da ya wuce nan ana biyan ƙarin lokaci. In aka fita gari, abincinsa da makwancinsa suna kanka, ko ka biya kai tsaye ko a sa a lissafi. Na ga masu neman araha da ke matse wannan ɓangaren: a tashi mutum da asuba, a yini ana yawo, a kai shi gidan biki ya zauna a mota har tsakar dare ba wanda ya ce a kai masa abinci, gobe kuma a ce ya kama hanyar Kumasi. Wannan zalunci ne, kuma ganganci ne da ranka, domin hanyar Nsawam zuwa Nkawkaw ba ta yafe wa mai gyangyaɗi. In za ka rage kuɗi, rage a girman mota, kada ka rage a barcin direba.

Girman mota kuwa shi ne inda kuɗin mutanenmu ya fi zubewa. Borga, wato ɗan'uwa mazaunin ƙasar waje, ya dawo, ana jiran a ga da me ya zo. Sai ya ɗauki Land Cruiser na mako uku, motar da hayarta ta kwana ɗaya za ta ɗauki ƙaramar mota kwanaki, ga shan mai, ga ta ba ta shiga lungu. Na fahimci abin da ke tura shi. Ya yi shekaru yana aikin dare cikin sanyi, yana so mahaifiyarsa ta ga ɗanta a cikin mutunci, kuma ranar ɗaurin aure ko ranar Idi akwai wurin ƙawa a al'adarmu. To a ɗauki babbar motar a ranar da ake bukatarta. Ranar Lahadin biki, a kai amarya cikin girma. Sauran kwanakin zuwa banki da ofishin fasfo da duba fili a Kasoa ko Amasaman, ƙaramar mota mai sanyi ta wadatar.

A ce mutum zai yi mako uku. In ya zauna da takarda zai ga kwanakin farko na karɓar baƙi ne a gida. Akwai ranakun da zirga-zirgarsa ba ta wuce Nima, Maamobi, New Town da Kanda ba, inda ƙafa ko tasi suka fi mota sauri. Wanda zai je Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa na Kanda daga Nima, neman wurin ajiye mota zai fi ba shi wahala a kan tafiyar. Akwai ranakun fita ɗaya ko biyu, waɗanda Uber, da ta shigo Accra a 2016, ko Bolt ko Yango za su yi masa. Abin da ya rage shi ne ranakun da zumunta ke bukatar ƙafa da gaske: ranar da za a gaida na Fadama da na Sabon Zango da na Madina da na Ashaiman a yini ɗaya, da tsofaffi a mota, da tsaraba a but. Sai ranar biki, sai tafiya wajen gari. Da wuya waɗannan su wuce kwana biyar ko shida. Biyan kwana shida maimakon ashirin da ɗaya ragi ne da babu cinikin da zai ba ka shi.

Motocin manhaja ma suna da nasu sharaɗin. Kana bukatar layin waya mai aiki da intanet tun daga filin jirgi, in ba haka ba wani daga gida ya kira maka. Farashinsu kan tashi in ana ruwa ko an tashi daga aiki. Wasu direbobin za su ce a kashe manhaja a yi ciniki da baki. In ka yarda, ka zubar da shaidar da ke nuna motar wa ka shiga. Ka duba lambar motar ta yi daidai da wadda ke wayarka kafin ka sa kaya. In kuma tasin filin jirgi za ka shiga, ko tasin gari mai lamba rawaya, a gama magana kafin a tayar da mota. Akwai kuma tsohuwar hanyar da har yau ba ta mutu ba: ka sami direban tasi ɗaya amintacce a unguwa ka yi shatarsa na yini. Motarsa dama ta haya ce, inshorarta ta ɗaukar fasinja ce, kuma kowa ya san gidansu.

Tafiyar nesa lissafinta daban. Farashin cikin Accra ba shi ne na wajen gari ba, kuma wasu kamfanonin tun daga Kasoa ko Nsawam suke fara ƙirga wajen gari, don haka a tambaya. Kumasi wajen kilomita 250 ce, Tamale kuwa wajen 600, tafiyar yini guda cur. Mutum ɗaya ko biyu da za su je Kumasi, manyan bas na VIP da ke tashi daga Circle sun fi musu sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda zai je Tamale ko Yendi ko Salaga, ya gwada kuɗin jirgin Africa World ko PassionAir, tafiyar kamar awa ɗaya, ya nemi mota a can, da kuɗin motar da za ta yi kwana biyu a hanya kawai, zuwa da dawowa, da kuɗin mai da na direbanta. Mota daga Accra tana fin riba ne in iyali ne guda, mutum biyar ko shida da kaya. Wanda kuma ke tunanin tsallaka iyakar Aflao zuwa Lome, ko ya wuce har Kwatano da Legas, ya faɗa tun farko. Ana bukatar izinin mai mota a rubuce da katin inshorar ƙasashen ECOWAS, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda motarsu ta fita ƙasar ko kaɗan.

Lokaci ma kuɗi ne. Tun shekarar 2019, da Ghana ta yi gangamin kiran baƙaƙen fata na ƙasashen waje su dawo gida, Disamba a Accra ta zama wata aba daban: otal ya cika, jirgi ya cika, motocin haya su yi wuya. Makon Sallah da makon dawowar alhazai su ma motocin unguwa ba sa zama. Wanda ya san zai zo a waɗannan lokuta ya yi magana da wuri. Amma yin magana da wuri ba shi ne tura kuɗi da wuri ga wanda ba ka sani ba. Tallar motoci ta cika Facebook da Instagram da Jiji, akwai na gaskiya, akwai kuma wanda hoton motar wani ya ɗauka, ya sa farashin da ya fi na kowa sauƙi, ya ce a turo kafin alƙalami ta Momo, wato asusun kuɗi na waya. Ana turawa layin ya mutu. Kana da ɗan'uwa a Maamobi. Ka tura shi ya je ya ga ofishin da idonsa, ya ga motar, ya karɓi rasit. In mai motar ya ƙi a zo a gani, magana ta ƙare.

Akwai abin da ke damuna a duk wannan. Nima da Maamobi suna bakin filin jirgi, baƙin da ke sauka namu ne, direbobin da suka fi kowa sanin gari da yawansu 'ya'yanmu ne, amma kuɗin kirki na wannan kasuwa wasu unguwanni yake tafiya. Namu ya tsaya a "kira wane ya kira wane". Matasan da ke da motoci, da masu biyan mota a hankali suna aiki da ita, in da za su haɗa kai goma-goma su yi rajista, su sayi inshorar da ta dace da haya, su nemi lasisin hukuma, su rubuta farashinsu da sidi kowa ya gani, da ba sai ɗan'uwanmu na Bronx ya zaɓa tsakanin tsadar kamfani da kasadar motar aro ba. Ƙungiyoyin 'yan zango da ke ƙasashen waje su ne kasuwar, a shirye take. Ina kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin matasa su sa baki a wannan, yadda suke sa baki a harkar aikin hajji da ta makaranta.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin tahowa, kafin ka tambayi farashin kowace mota, zauna ka rubuta inda za ka je kowace rana, ka aika wa wanda ka amince da shi a gida ya duba maka. Daren da ka sauka ka shiga tasi, ko ka bar ƙanenka ya zo ya ɗauke ka. Maganar haya a bar ta sai gari ya waye, ka ga motar da rana, ka duba inshorarta, a rubuta kuɗin da sidi kafin ka karɓi makulli.